Wata Biyar Ina Tuƙa Kar da Ido Ɗaya

Gaisuwa ga edita da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta, domin akwai kunya a cikinta.

A lokacin ni direba ne a Arlit, ɗan Damagaram, shekarata arba'in da ɗaya, ina da mata da ƴaƴa huɗu. Kar nake tuƙawa, babbar motar da ke kai ma'aikata wurin haƙar yuraniyom da safe, ta dawo da su da yamma. Shekara goma sha biyu ko akuya ban taɓa bugewa ba, kuma ina ji da kaina a kan haka fiye da kima.

Cikin bazara abin ya fara. Da safe garau nake tashi, amma da la'asar sai fatar idona na dama ta riƙa saukowa kamar mai gyangyaɗi. Na ce gajiya ce, na ƙara yawan shayi. Bayan ƴan makonni sai abu ɗaya ya fara zama mini biyu. Kamiyo ɗaya, wato motar kaya, na tahowa, ni ina ganin biyu, ban san wanda zan kauce wa ba. Da na lura idan na rufe ido ɗaya hanya takan koma daidai, sai na sayi baƙin tabarau, na manna takarda a gilashin dama ta ciki. Haka na ci gaba da ɗaukar mutane.

Tsoro ne ya hana ni zuwa asibiti. A garinmu duk wanda ya kwanta, ma'adinin nan ne ke fara zuwa ran kowa. Na riga na yanke wa kaina cewa ciwon daji ne, kuma ranar da likita ya faɗa, ranar za a karɓe mini makulli. Matata ce ta fara ganewa, don nama ya gagare ni tauna, muƙamuƙina ya gaji tun ban kai rabin kwano ba, muryata kuma ta koma fita ta hanci. Ta roƙe ni in je a duba ni, na daka mata tsawa na ce ko so take mu koma gida hannu rabbana. Wani abokin aikina, mutumin Iferwan, ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ƙwaya na fara sha, don ya ga wuyana na langaɓewa a kan sitiyari. Na rantse masa lafiyata lau. Kullum idan na tada mota sai in riƙa ƙirga kilomita, ina roƙon Allah Ya kai mu yau kaɗai.

Wata ranar Laraba muna dawowa, kar cike, zafi kamar a tanda, sai idon da nake gani da shi shi ma ya fara rufewa. Na sa yatsa na ɗage fatar, ina riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, hannun kuma ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Dab da shiga gari wani ɗan kabu-kabu ya ratso a kan babur, ɗauke da mace mai goyo. Na aika ƙafata kan burki, ta ƙi zuwa da wuri. Sai na karkata muka afka cikin rairayi, motar ta yi tsalle ta tsaya. Tsakaninmu da matar bai kai kamu ɗaya ba. Wani dattijo a kujerar gaba ya bugi ƙarfe, haƙoransa uku suka zube. Ma'aikata suka sauko suna shi mini albarka, wai gwanintata ce ta ceci yaron. Wannan yabon ya fi mini zagi ciwo.

A wurin na faɗa wa abokin nawa gaskiya, da muryar da ko shi da kyar yake ji. Washegari ya kai ni asibiti, daga nan aka tura ni Yamai. Likitan can ya ɗora mini ƙanƙara a fatar ido na ɗan lokaci, yana ɗaukewa idon ya buɗe tar. Bayan gwajin jini ya ce ba daji ba ne, sunan ciwon miyasteni. Ya bayyana mini cewa garkuwar jiki, wadda Allah Ya yi don yaƙar cuta, ita ce ta rikice ta koma tana toshe saƙon da jijiya ke kai wa tsoka. Ya ce irin wannan rikicewar tana da dangi da yawa: wani ta kama masa gaɓoɓi, wata fata ko ƙoda, wani maƙogwaro. Ba a ɗauka daga wani, ba sammu ba ne, kuma tana kama har waɗanda ba su taɓa taka garin ma'adini ba. Ya ƙara da cewa da na ƙara jinkiri, numfashina ne zai iya tsayawa.

Yanzu ina shan magani a kan lokaci, ina tauna abincina, amma na bar tuƙi, ina tsaron kayan gyara a gareji. Har yau idan rana ta yi zafi nakan tsaya ina sauraron numfashina. Na nemi gafarar matata, na kuma je gidan dattijon nan na faɗa masa komai. Ya ce haƙora ya yafe, amma in gaya masa wace ƙofa zan ƙwanƙwasa da a ce yaron da ke goye ya mutu.

Abin da na koya shi ne, ciwon da na ƙaga wa kaina ya fi wanda ke jikina muni, kuma ɓoyewar ce ta kusa kashe mutane. Ƴan'uwa, ciwon da ke zuwa ya tafi, ka tashi lafiya ka yini a raunane, kada a ce lalaci ne ko ƙwaya, kada kuma a yanke wa kai hukunci a ɗaka. A je a gwada, a kuma nace idan ba a gano ba da farko. Direbobi musamman, ku ji tsoron Allah: wanda ya hau bayanka bai san abin da kake ɓoyewa ba, amanar ransa kawai ya ba ka.