Azurfar Malama Rumasa'u

Duk wanda ya san Malama Rumasa'u a Rogo ya san ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko gidan suna ta je, kafin a gama gaisawa ta fara gyara mayafi. 'Yar Yammedi ce, mahaifinta Malam Sulle maƙerin azurfa ne. Da ta gama karatun kimiyyar sinadarai a Kano aka turo ta koyarwa makarantar 'yanmata, ta auri Mu'az mai shagon maganin dabbobi, ta haifi Ummi. Kowa ya ɗauka ta natsu ke nan. Ummi na fara tafiya ta koma neman digiri na biyu.

Azurfa ta zaɓa ita ma, amma ba irin ta mahaifinta ba. Idan aka narkar da gishirin azurfa a ruwa, aka ɗiga masa ruwan dafaffen ganye, azurfar takan fito ƙwayoyi-ƙwayoyi, ƙanana har ido ba ya ganinsu. In aka zuba su a ruwan rini da aka gama amfani da shi, tare da wani sinadari, sai su hanzarta kashe launin, su kuwa ba sa ƙarewa. Sai dai aikin ba ya kyau sai ƙwayoyin sun yi ƙanana, girmansu kusan ɗaya. Launin ruwan ke gaya mata: in ya yi ruwan ɗorawa mai haske, an dace, in ya yi duhu kamar shayi, sun kumbura sun cure.

Nan ne ta rasa sukuni. Yau ta samu ruwan ɗorawa, gobe ta maimaita komai ta samu shayi. Ta gwada darbejiya, ta gwada zogale, ta koma mangwaro. Kwalabe suka cika madafi, yatsunta suka yi baƙi har ɗalibai na tambayarta wa ya yi mata wannan lallen.

"Maman Ummi," in ji Mu'az wata safiya, "ki zauna ki sha kokon nan mana."

"Ina zuwa, Malam, kada ya tafasa."

Ranar da ta kai wa mahaifinta kwalba guda, ya ɗaga ta a rana ya juya.

"To ina azurfar?"

"Tana ciki, Baba."

"Azurfar da ba a gani, wa zai sa ta a hannu?" Ya miƙa mata abarta. "Allah dai ya ba da sa'a."

Maganar ta tsaya mata a rai har gida. Sai da damina ta wuce ta lura cewa ba wutar risho ce kaɗai ke mata wasa ba, har da ganyen: ɗanye daban, tsoho daban, bishiyar bakin rafi ba ɗaya take da ta cikin gida ba. Ta tsayar da bishiya guda, wata gwaiba a gidan gwaggonta Maiturare a Tudun Kaya. Duk ƙarshen mako tana kan acaɓa. Ta rage wuta, ta riƙa ɗigawa a hankali, abin da ya fi komai yi mata wuya. Launin ya tsaya.

Ta aika da samfurin Kano, inda ake da na'urar da ke iya ɗaukar hoton irin waɗannan ƙwayoyi. Jira ya yi tsawo, ta dami malamin da ke duba aikinta da waya. Da hoton ya zo, ga su nan zagayayyu, kusan kai ɗaya, sai 'yan tsiraru masu kusurwa uku a tsakaninsu. Malamin ya ce aiki ya yi, ta rubuta kundinta.

Ta je Ƙaraye wurin Turai mai rinin shadda, ta ɗebi ruwan da take zubarwa a kwata, ta haɗa shi da ƙwayoyin azurfarta a kwalba. Suna tsaye shuɗin ya riƙa dusashewa.

"Ikon Allah," in ji Turai. "Malama, na duro fa?"

"Ban kai nan ba tukuna, Hajiya."

Ta samu digirinta, aka yi walima, Malam Sulle ya zo da sabuwar riga. Amma ita hankalinta na kan masu kusurwa ukun nan, don ta karanta cewa wasu na ganin masu kaifin gefe sun fi saurin aiki, kuma ba ta san me ya fito da su ba. Mu'az ya kwashe buhunan dusa daga ɗakin ajiya ya bar mata shi don gwaje-gwajenta. Yanzu zarginta shi ne sanyi ne ya fito da masu kusurwar, har ta yi magana da mai sayar da ƙanƙara a bakin tasha ya riƙa ajiye mata.