Kwamandar da ta Ƙi Shure Farantin Gwaggo

Ni ce kwamandar rundunar 'yan sandan da ke cikin wancan fim ɗin da aka yi a Tamale, wadda ta ɓace a tsakiyar labari aka ce an yi mata canjin wurin aiki zuwa garin Wa. Ƙarya ce. Ba wanda ya canza min wurin aiki, korata aka yi, kuma da za a sake maimaita ranar, abin da na yi shi zan sake yi.

Wani saurayi ne ɗan unguwar Kanvili ya dawo daga Akra da kyamara a kafaɗa da harbe-harbe cike da kai. Ya ce zai yi fim a kan wata runduna ta musamman, masu baƙaƙen kaya da hular kwano, waɗanda ake kira idan 'yan fashi sun fi ƙarfin 'yan sandan gari. Mace yake nema ta shugabance su, wadda ta iya babur da gaske. Mace a kan babur ba abin kallo ba ce a garinmu, amma ya gan ni a hanyar Choggu da dilar atamfa a baya, na kauce wa yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, da akuya a lokaci guda ban sauke ƙafa ba. Ya biyo ni har shagona yana haki.

Na so abin nan, ba zan ɓoye ba. Na haura arba'in, ga 'ya'ya, ga shago, kuma tunda nake ba wanda ya taɓa tambayata abin da na iya banda auna yadi da dafa tuwo. Maigidana ya yi dariya ya ce in je. 'Yan uwansa mata ne suka ɗauki zancen suka zaga da shi gida-gida, wai matar aure da wando da bindiga. Na aika musu cewa bindigar ta katako ce, amma bakina na gaske ne, duk wadda ke da magana ta same ni a shago. Ba wadda ta zo.

Rundunar tawa kuwa mai walda ne, da malamin firamare, da wasu mahauta biyu, da mai facin taya wanda hular kwanon ta ƙi shiga kansa sai da aka cire soson ciki. Kafinta ya sassaƙa mana bindigogi aka shafa musu baƙin fenti. Mun sha rana a cikin baƙaƙen rigunan nan har fata ta saɓule mana a wuya. Amma ranar da daraktan, wato saurayin nan, ya nuna min kaina a ƙaramin gilashin kyamara, ina kwantar da babur a kwana ina ba da umarni da hannu ɗaya, na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina. Na koma gida ina taka ƙasa daban.

Babban wurin da fim ɗin ya dogara a kai shi ne samamen da za mu kai gidan uwar shugaban 'yan fashi. Daraktan yana son tsohon gida mai zaure da tsakar gida mai faɗi. Da bakina na ce a je gidan Gwaggo a unguwar Changli. Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta ɗauke ni tun da aka yaye ni, kamar yadda ake yi a nan, a ɗakinta na girma, daga ɗakinta aka kai ni gidan miji. Ƙuli-ƙuli take yi tun kafin a haife ni. Ta ce mu zo mu yi abinmu, amma ita ba za ta tashi daga gindin dalbejiyarta ba, tana da gyaɗar da za ta ɓare. Daraktan ya yi murna, ya ce ya samu uwar ɗan fashi a ɓagas.

Wanda bai san Tamale ba sai na yi masa bayani. A nan ba a gaida babba a tsaye. Durƙusawa ake yi, a sunkuyar da kai, babban ya yi ta jero tambaya, kai kuma kana amsawa da naa, naa, har sai ya sallame ka. Kakanninmu daga ƙasar Hausa suka zo, suka tarar da Dagomba suna haka, ya haɗu da namu ladabin, ya shiga gwiwoyinmu. Ba ka ma tunaninsa, sai dai ka ga kanka a ƙasa.

Da hantsi aka ce mu shiga. Muka kutsa ta zaure da gudu muna ihu, bindigogi a sama. Gwaggo ta ɗago kai daga farantinta ta yi mana sannu da zuwa, ta tambayi kwanan gida. Kafin ka ce me, rundunar da ake kira idan gari ya gagara duk tana tsugune a tsakar gida, bindigogi a tsakanin cinyoyi, ana naa, naa. Ta gane mai walda ta cikin hular, ta tambaye shi ƙafar mahaifiyarsa, shi kuma ya shiga ba ta labarin asibiti. Daraktan ya yi ta ihun a tsaya, ba wanda ya kula shi sai da gaisuwa ta ƙare.

Aka sake. Wannan karon malamin firamare ya yi sallama a bakin zaure, ya tsaya kwance igiyar takalmi, sauran suka yi karo da bayansa. Aka roƙi Gwaggo kada ta ce uffan, ta yarda. Muka sake shigowa, tari ya sarƙe ta, mahautan biyu suka zube suna yi mata sannu. Ni dai dariya nake har hawaye na shiga min baki.

Daraktan bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe, wajen randa, ya ce ni ce zan gyara abin, tunda ni suke bi. In shiga gaba, in shure farantin gyaɗar da ƙafa, in tsaya a kan tsohuwar, in ɗora mata bakin bindiga a fuska, in daka mata tsawa ta faɗi inda ɗanta yake. Na ce masa ga wata shawara: ya bar mu mu durƙusa mu gaishe ta, sannan mu shiga mu kamo ɗan nata, ai duniya ba ta taɓa ganin irin wannan samamen ba. Ya dube ni kamar na zuba masa sukari a miya.

"Anti, polisi ba ya durƙusa," in ji shi. "Wannan ƙauyanci ne. Idan na kai shi Akra dariya za su yi mana."

Kalmar ƙauyancin nan ce ta tsaya min a rai. Yaron da na san mahaifiyarsa, wanda shi ma da ya shigo gidan da safe gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa kafin ya tuna da kyamara ya miƙe. Na faɗa masa haka a fuskarsa. Ya ce shi ba musu ya zo yi ba. Ko in shure farantin, ko ya sa a harbe kwamanda a bakin zaure, malamin firamare ya karɓi rundunar har ƙarshen fim.

Ashe Gwaggo tana jin mu. Ta ƙwala min kira, ta ce in shure mana, wasa ne, gyaɗa ce, za a tsince. Wannan ya fi komai ƙona min rai, domin ta cire min hujja. Na je har gaban farantin. Na ga hannayenta da man gyaɗa ya ƙona shekara da shekaru, na ga tsakiyar kanta ta saman ɗankwali, wurin da ban taɓa gani daga sama ba. Kada wani ya ce ƙafata ce ta ƙi ɗaguwa. Ƙafata lafiyarta lau, zan iya. Ban ga dama ba ne. Na juya na ce wa daraktan ya kawo harsashinsa.

Aka dama sobolo, wato zoɓo, da sitaci ya yi kauri, aka ƙulla a leda aka sa min a ƙarƙashin riga. A zuciyata na ce idan mutuwa ce ta rage min, zan yi wadda Tamale ba za ta manta ba. Ina can ina fushi da yaron, ban tuna cewa ba wanda ya yi wa tsohuwar bayanin ledar ba. Na shigo da gudu, aka buga faranti biyu a madadin harbi, na matse ledar, jan abu ya tsarto min har wuya, na faɗi rigingine a bakin zaure, na ƙafe ido.

Salatin da Gwaggo ta yi ban taɓa jin irinsa daga bakinta ba. Matar da sai ta dafa ƙasa da hannu biyu take miƙewa, ban san yadda ta iso kaina ba. Ta yi fatali da farantin da kanta, gyaɗa ta watse ko'ina. Ta cire min hular tana kiran sunana na yarinta, tana toshe wuyana da ɗankwalinta. Na ce mata sobolo ne, na maimaita, sai da ta lasa yatsa sannan ta yarda. Daga nan ta ɗauki muciyar ƙuli-ƙuli. Ta ce a gidanta ba a kashe mata 'ya ko da wasa. Runduna da darakta da kyamara suka yi cunkoso a zaure, kowa na neman hanya. Daga waje yaron ya ɗaga murya ya ce ni da fim ɗinsa har abada. Na ce ya gaida Akra.

Gida ya yi shiru. Ta zaunar da ni a kan turmi, ta ɗebo ruwa a ƙwarya tana wanke min wuya kamar wata 'yar yaye. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da kin shure farantin nan, da ya fi min sauƙi."

Na ce, "Gwaggo, ko gobe ba zan shure ba."

Ta matse tsumman, jan ruwa ya zuba a ƙasa.

"Na sani," in ji ta. "To sauka ki tsince min gyaɗata."