Wuƙar da Hinda ta wanke

A Sassumbrum, in aka tsinci tsohuwar wuƙa ba a san wa ya ƙera ta ba, Lado ake kai wa. Ba maƙeri ba ne, ko ƙusa bai taɓa miƙarwa ba. Ubansa Dalhatu ne maƙerin, ya rasu Lado yana shekara huɗu, sai kawu ya ɗauke shi ya koya masa noman gyaɗa. Abin da ya gada bai wuce magana ɗaya daga bakin uwarsa ba: babanka yakan buga alamar ƙafar kaza a gindin wuƙa, dab da ƙota.

Shekara talatin bawan Allah yana neman ƙafar kazar nan. Ranar kasuwa ya hau moto, wato babur, yau Magariya, gobe Guci, yana juya wuƙaƙen mutane kamar mai zaɓen amarya. Da haka ya haddace alamar kowane maƙeri, har ya zama malamin abin. Ya tara wuƙa ta fi arba'in a akwati, ko albasa ba a yankawa da su. In ka kuskura ka tambaye shi me ke ɓatar da alama, to ka nemi wurin zama. Tsatsa, in ji shi, da yawan wasawa, da sabuwar ƙota da ke hawa ta rufe ta, sai ɓarawo mai goge ta da magagari. Huɗu yake lissafawa. Ya manta da matarsa.

Bana ya samu wuƙar uban nasa, a kasuwar Guci, a kuben wani makiyayi mai suna Yero. Ta yi tsatsa jawur, amma ga yatsun kaza uku nan suna leƙowa. Lado ya saye ta, ya dawo gida yana dariya shi kaɗai kamar wanda aljanu suka shafa. Ya aika wa dattawa su zo su gani bayan sallar Juma'a, ya aje ta bisa tabarma, ya tafi masallaci.

Hinda kuwa, matar tasa, mace ce da ko tukunyar maƙwabta ta gani da baƙi sai hannunta ya yi ƙaiƙayi. A ce baƙi za su zo su tarar da wannan ƙazanta a gidanta? Ta jiƙa tsamiya, ta ɗebo toka da rairayi, ta durƙusa.

Da Lado ya shigo da dattawa, sai ga wuƙa tana walƙiya kamar madubi. Ya juya ta. Ya sake juyawa. Ya kai ta rana. Gindin nan sumul.

"Hinda! Ina ƙafar kazar?"

"Wace kaza kuma, Malam? Dauɗa dai na tarar, na fid da ita. Ko sannu babu?"

"Innalillahi! Shekara talatin!"

Ya zauna daɓas a ƙasa, hula ta yi nata wuri. Wani cikin dattawan ma ya soma gunaguni, wai dama wa ya ga alamar in ba shi ba?

Sai Halilu, tsohon mahaucin da idonsa ya kusa ƙarewa, ya miƙo hannu.

"Ba ni nan, ɗan Dalhatu, ka bar kururuwa kamar akuyar da aka ɗaure. Ke, kawo kabewa."

Aka kawo. Ya ɗora wuƙa ya danna, yanka ya karkace ya yi gefe. Ya shafa bakinta da babban yatsa, ya yi dariya har da tari.

"Ta ubanka ce. Dalhatu da dama yake cin tuwo, amma da hagu yake riƙe guduma. Duk wuƙarsa ta gefe guda yake kwantar mata da baki. Na sha zaginsa a kan haka."

Lado ya saki baki. Bahago? Shi da ya san alamar maƙeran duniya, bai san hannun da ubansa ke ƙira da shi ba.

Hinda na tsaye da tire, ta ƙura wa kabewar ido.

"Ikon Allah. Ai haka tawa ke yi."

"Taki wace?" in ji Lado.

"Ta madafa mana. Wadda Inna, mahaifiyarka, ta ba ni ran da na tare. Sau nawa na ce maka karkatacciya ce, ka ce hannuna ne?"

Ta shiga ta fito da ita, siririya, cinyayya, ga kuɓewa manne a jiki. Halilu ya shafa, ya gyaɗa kai.

"Hannu ɗaya ne."

"To ina alamarta?" in ji Lado.

"Malam, wa kake tsammani ya koya mini wanki da toka da rairayi? Inna ce."

Lado ya rungume wuƙaƙen biyu, ya ce daga yau akwati za su shiga. Hinda ta zare tata daga hannunsa.

"Riƙe taka dai. Miya ba ta jira."