Ɗakin da Ya Yi Yoyo Tun Ba a Gina Shi Ba

Shekarar da bangon ɗakin Inna ya tsage har hannu na shiga, ni da yayana muka ce sai an rushe shi kafin ruwa ya sauka, kada damina ta kayar da shi a kanta. Inna ta ce ba inda za ta. Ba ginin take ji ba, jerenta take ji: tasoshi da fantekoki da ke bangon nan tun aurenta, wasu ma na mahaifiyarta ne. Yaya, mai harkar gero a Dawanau, shi zai yi ginin, kuma ya riga ya yanke cewa sabon ɗaki ba ruwansa da tarkace.

Ni zanen gine-gine na karanta a Kano, na dawo ƙauyenmu na gefen Minjibir da wata kwamfuta mai nishi kamar tsohon injin markaɗe. Aikina in zana gida, ita kuma ta fitar da hotonsa kamar an riga an gina. Na ce bari in nuna wa Inna sabon ɗakin da jerenta a ciki, ko za ta sauko. Na bi tasoshin ɗaya bayan ɗaya na zana.

Hoto ya fito, amma da fararen ɗige-ɗige ko'ina, a daɓe, a bango, har kan gado. Masu wannan aikin sun san su. Idan rana ta shigo ta ƙaramar taga ta bugi abu mai ƙyalli, lissafin haske yakan rikice wa kwamfuta, sai ta yi ta feshi. Ina cikin tsaki Inna ta shigo ta tsaya a kaina.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ɗakin naku ai rufinsa duk huji ne. Tun ba a gina ba yake yoyo?"

Duk wanda ya zauna ƙarƙashin tsohon rufin kwano ya san ma'anar ɗigon rana a daɓe: inda haske ya shigo da rani, nan ruwa zai shigo da damina. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Ta ce gara tsagar da ta sani.

Da Yaya ya zo Juma'a na nuna masa, na gaya masa abin da ke jawo ɗigon. Ya ce, "Ke da bakinki kin ce kwanukan ne ke jawowa. Goge su mana kowa ya huta. Kabet zan saya mata."

Gaskiyarsa, da na goge su da aiki ya ƙare. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Yaya, ɗigon zan cire. Kayan Inna suna nan." Ya ce taurin kan Inna na gada. Na ce ai ɗaki ɗaya muka fito.

Na koma gindin darbejiya na duƙufa, hadari na haɗuwa a gabas yana watsewa. Na fara rage wa tasoshin ƙyalli, don a zanen sun fito kamar madubi, alhali na Inna toka da yashi sun daɗe da cinye musu fuska. Na ɗan faɗaɗa taga, na sa wa haske iyakar da ba zai wuce ba, sannan na bar kwamfuta ta yi ta maimaita lissafinta. Caji ya ƙare ana tsakiya, na kai ta shagon mai sola, na dawo na sake daga farko. Yaya ya bugo waya yana tambaya ko har yanzu wanke-wanke nake yi. Na ce eh, kuma sai na gama.

Ranar da hoton ya fito tsaf na kai wa Inna kwamfutar, na tarar tana tankaɗe. Ta karkaɗe hannu, ta bi daɓen hoton da ido lungu-lungu tana neman huji, ba ta samu ba. Sai ta ɗaga kai ga jeren. Ta ɗora yatsa a kan gilashin, ta bar shaidar garin dawa a wurin.

"Wannan tasar ta Innata ce," ta ce. "A sama take zama, kin sa ta a ƙasa."

Na ce zan gyara.

"Gyara. Ki ce wa yayanki ya turo magina. Amma kada wanda ya taɓa min kaya, ni zan sauke da hannuna."

Washegari da hantsi ta hau kan turmi, ta fara da ta saman.