Lauyan da Na Yanke wa Hukunci

Shekara uku na yi a Kuala Lumpur ina bin diddigin wani mutum da ya mutu tun kakan kakana bai zo duniya ba. Ba'amurke ne, lauya, ɗan majalisa, kuma a kansa nake rubuta kundin digirina na uku. Ɗan manomi ne. A ofishin wani tsohon lauya ya koyi shari'a, ya riƙa hawa doki daga wannan kotu zuwa waccan, har aka zaɓe shi majalisar jiharsu. Can ya kafe kai da fata sai an yi dokar da za ta bar matar aure ta mallaki dukiyarta.

Ina son aikinsa, amma shi kansa haushi yake ba ni. Matarsa na kwance a ƙauye, ƙaninsa ya rubuto masa cewa tana samun sauƙi, sai ya zauna jiran ranar ƙuri'a. Kafin ya isa gida an binne ta. A babi na huɗu na rubuta cewa ya fifita kujera a kan iyalinsa. Malamar da ke duba aikina, wata dattijuwa 'yar ƙasar, ta ja layi a ƙarƙashin jimlar, ta ce na cika saurin hukunci. Na ce mata ni 'yar magatakardan kotu ce, na san mai laifi in na gan shi. Kai, bakina!

Saura sati biyu in kare kundin a gaban masu jarrabawa, Baba ya kwanta ciwo a Kano. Kullum in na fito daga makaranta a titin Jalan Semarak, sai in tsaya a mamak, wato gidan abinci na bakin hanya, in yi tapau, a ƙunsa mini abinci in tafi da shi, in kira yayana.

"Yaya, yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ke dai ki yi karatunki."

"A ba shi wayar mana."

"Barci yake yi."

Ni Bahaushiya ce fa. Na san ba a gaya wa na nesa mugun labari. Da bakina na taɓa ce wa ƙanwata da sauƙi, lokacin tana Sudan, alhali Inna ko magana ba ta iya yi. Amma na karɓi maganar Yaya hannu bibbiyu, don ita nake so in ji. Na duba tikitin jirgi sau ɗaya, na rufe.

Ranar da na kare kundin, da hantsi na fito ina rawar jiki, na kira gida in yi albishir. Yaya ya bari na gama, sannan ya ce in yi haƙuri, yau kwanan Baba huɗu a ƙasa. Wai Baba ne da kansa ya ce kada a gaya mini sai na gama. Na zauna a bakin titi da kundin a cinyata, na yi ta kuka, motoci na wucewa. Har yau zuciyata ba ta yafe mini ba.

Masu jarrabawa sun ba ni gyare-gyare shafi biyu. Babu wanda ya ce in taɓa jimlar nan ta babi na huɗu. Ni na goge ta, na rubuta cewa an aiko masa da wasiƙa, shi kuma ya yarda da abin da ke ciki.