Wasiƙun Malam Saani

Malam Saani ya karanci homiyofati a Kumasi, wato maganin nan na fararen ƙwayoyi kamar gero da ake sawa ƙarƙashin harshe. Da ya zo Bronx a Amurka babu wanda ya ko kalli takardar shaidarsa. Sai ya kama tuƙin tasi, ran Asabar kuma ya duba mutanen Zongo, 'yan uwansa Hausawan Ghana, a falonsa da ke titin Grand Concourse.

Mutumin ba ya rufa-rufa. In ya lalubi cikin mutum ya ji ciwon na wuƙa ne, sai ya ce, "Wannan ya fi ƙarfin kwalabena." Ya zauna ya rubuta wa Dakta Akosua, likitar fiɗa da mutanensa suka fi zuwa wurinta, abin da ya gani, da abin da ya bayar, da ranar da ya hana sha. Ya liƙe ambulan ya damƙa wa mai ciwon ya kai.

Shekara tara yana haka, ko layi ɗaya na amsa bai taɓa samu ba. Wai aiki ne ya yi mata yawa. "Abokiyar aikina" yake ce mata, matarsa Tahiratu kuwa sai ta taɓe baki. Shi ba yabo yake nema ba, so yake likitar ta san da zamansa.

Da gwaiwa ta kama shi shi ma, har wani daɗi ya ji. Ya sa shaddarsa ta Juma'a ya tafi asibiti, ya faɗa wa Dakta Akosua sunansa a hankali, yana jira ta miƙe.

"Ni ne mai wasiƙun," in ji shi.

"Waɗanne wasiƙu, Baba?" Da ladabi ta tambaya, kuma ladabin ya fi zagi ciwo.

Bayan sallar Juma'a ya tare Yussif, direban da ya fara aikawa wurin likitar da wasiƙa, a ƙofar masallaci. Yussif ya sosa ƙeya.

"Baaba Saani, yi hankuri, leta na nan gida. Kumya ne. In dokta ya ji mun sha maganinka, zai yi muna dariya. Dukanmu kowa cewa yake bai sha komi ba."

Yussif ya sa takalmansa, ya ɗan yi gaba, sannan ya juyo.

"Af, ƙwayan gwiwan nan ya ƙare. Zan shigo Asabar."