Bai Zdravko, Mai Jiran Saukar Jirage

"Ɗauka ɗaya tak, Chicho. Ka danna, in yi murmushi, shi ke nan."

"Na ce miki a'a."

"Jirgin ma a kashe yake! Sai gobe da safe zan tashi."

"An zuba masa mai?"

Ralitsa, matuƙiyar jirgin, ta kau da kai. Stamen makaniki, da ke kwance ƙarƙashin fiffike da sifana a hannu, shi ya amsa: "Tun ɗazu na cika shi taf."

"To kin ji. An zuba mai, an sa rana, kin riga kin kama hanya." Bai Zdravko ("Bai" laƙabin girmama dattijo ne a wajenmu) ya rufe idon kyamararsa da murfi, ya rungume ta a ƙirji kamar wani zai ƙwace.

"Rabu da shi, Rali," in ji Stamen. "Ko ya ɗauka, jelar jirgin zai samo, ko takalmina. Da wane idon zai gan ki?"

"Takalminka ai ya fi fuskarka kyau," in ji tsohon.

Ba wanda ya yi dariya. A can ƙarshen fili, motocin rusau sun riga sun jeru, suna jiran jirgin ƙarshe ya tashi su shiga.

Wannan tsoho mai taurin kai shi nake so in jinjina wa, tun yana raye, tun kunnensa na ji. Fiye da rabin rayuwarsa ya yi ta a bakin shingen wayar ƙaramin filin jirgin garinmu, filin da ciyawa ce kawai da rumfa ɗaya mai tsatsa. Ba ma'aikacin filin ba ne, ba a taɓa rubuta sunansa a ƙofar wani ofis ba. Kullum da sassafe zai turo kekensa, banitsa, gurasar nan tamu mai cuku, a naɗe cikin jarida, baƙar gahawa a gora, kyamara a wuya. Yana da wurinsa, kusa da wani turken kankare, inda ƙafafunsa suka kashe ciyawa har ƙasa ta yi ƙwarya. Nan zai tsaya ya ɗaga kunne. Kafin kowa ya hango ɗigo a sama, shi ya riga ya ce, "Jirgin Yak ne, daga wajen kogin Danube yake tafe." Ranar da babu jirgi, kuma su ne suka fi yawa, zai ci banitsarsa, ya gaisa da iska, ya koma gida.

Tsoffin jiragen yaƙi su ne abin ƙaunarsa, waɗanda aka ƙera don kisa, suka tsufa, suka koma abin tausayi. Lokacin da mulki ya sauya, aka shiga yanka su ana sayar wa 'yan gwangwan, mutanen gari sun gan shi yana bin masu zarto a baya, yana ɗaukar hoton kowane jirgi kafin wuta ta taɓa shi, hawaye na zuba kan kyamara. An yi masa dariya a lokacin. Amma da aka zo tada Tsohuwa, jirgin nan Po-2 na katako da zane mai fiffike sama da ƙasa, wanda ya yi shekaru yana ruɓewa a bayan rumfa, hotunansa Stamen ya baza a ƙasa yana duba inda kowace waya ta bi.

Kai ne, Bai Zdravko, ka hana su mutuwa sau biyu. Kai ne idon filin nan, ga shi yau naka idon yana tafiya.

Gama tsakiyar ganinsa ta mutu. Likita ya gaya masa ba magani. In ya dubi fuskarka, baƙin tabo yake gani inda hancinka yake, sai ya karkata kai ya leƙo ka ta gefen ido kamar tsuntsu. Da kunne yake bin jirgi yanzu, hannu kuma ya haddace sauran.

Doka ɗaya gare shi, ba shi ya ƙirƙiro ta ba, a wurin tsoffin matuƙa ya gada: ba a ɗaukar hoton matuƙi kafin ya tashi. Sai ya sauka, farfela ta tsaya, ya cire hula, gashi jiƙe da gumi. A lokacin ne Bai Zdravko ke dannawa. Ka bi ta ƙofar coci ka duba takardun sanarwar rasuwa masu hoton mamaci da ke manne a bango da jikin itatuwa. Duk wanda ka gani yana dariya da dukan haƙoransa, da tabon tabarau a goshi, matuƙi ne, kuma hoton na Bai Zdravko ne. Iyalansu kan zo nema in ranar ta zo, shi kuma ya shiga ɗaki ya fito da shi, a wanke, a goge. Zawarawa da dama a garin nan da wannan dariyar suke kwana suke tashi.

Mutum ɗaya ne bai samu ba. Asen, amininsa, mahaifin Ralitsa.

Asen ya ɓata ƙuruciyarsa yana harhaɗa wani tsohon jirgin koyar da matuƙan yaƙi, ƙusa bayan ƙusa. Duk sanda Zdravko ya ɗaga kyamara, sai ya kare fuska da baƙin hannu ya ce, "Kar ka ɗauke ni cikin dauɗar mai kamar ɓarawon gawayi. Bari ranar da na sauko da shi." Ranar ta zo, wata Asabar mai haske. Asen ya sa sabuwar rigar fata, ya tsaya jikin jirginsa, rana na dukan fuskarsa. Zdravko ya ce bai taɓa ganin mutum ya yi kyau haka ba. Yatsansa na kan madanni. Ya sauke kyamarar ya ce, "Sai ka dawo."

Jirgin ya tashi lafiya, ya kewaya gari, ya juyo. Daga nan injin ya yi tari, ya yi shiru. Ya faɗa gonar furen rana da ke bayan fili, hayaƙi ya miƙe. Zdravko ne ya fara isa. Bai taɓa gaya wa kowa abin da ya gani ba, kuma har yau tafin hannunsa na dama ba ya buɗewa sosai saboda ƙuna.

Da Nevena, matar Asen, ta zo neman hoton da za a manna a ƙofa, ya tsaya a gabanta hannu wofi. Dole aka yi amfani da na katin shaida, Asen ya ɗaure fuska kamar wanda 'yan sanda ke nema. Da wannan fuskar Ralitsa ta girma, kowace shekara a sabunta takardar, fuskar na nan a murtuke. Ta girma kuma ta zama matuƙiya, uwarta na kuka.

Yanzu an sayar da filin, za a gina ɗakunan ajiyar kaya. An kwashe komai, saura Tsohuwa, kuma Ralitsa ce za ta tuƙa ta gobe, ta haye duwatsun Balkan, ta kai ta gidan tarihi a kudu inda za a ɗaure ta ba za ta sake tashi ba. Tafiya ce da babu dawowa. Babu wata sauka da za a yi a nan har abada.

"Ka fahimci abin da nake faɗa kuwa, Chicho?" Ralitsa ta matso har numfashinta na taɓa shi. Tun tana rarrafe take kiransa haka, kamar ƙanin ubanta. "In ba ka ɗauke ni yanzu ba, ba za ka taɓa ɗauka ba. Dokarka ta ceci Babana? Ka kiyaye ta, ya mutu. Abin da ta yi kawai, ta hana ni ganin dariyarsa. Ina da ɗa a gida. In dutsen nan ya cinye ni, so kake a manna masa hoton katin shaida?"

"Tofar da yawu, yarinya!" Stamen ya fito daga ƙarƙashin fiffike yana ƙwanƙwasa katakon jirgin da yatsa don korar mugun baki. "Wace irin magana ce wannan a gaban inji?"

Bai Zdravko ya san gaskiya Ralitsa ta faɗa. Ya daɗe yana tambayar kansa wannan tambayar a bakin turken nan. Amma ya kuma san cewa in ya danna yau, wani abu ya faru gobe, ba zai kai jibi ba. Ya karkata kai ya dube ta ta gefen ido, ya ga haɓar Asen, ya ga tsayuwar Asen, rana na dukanta daidai yadda ta daki ubanta.

Kafin in faɗi abin da ya ce, bari in yi godiyar da garin nan bai yi ba. Mun gode, Bai Zdravko, da sanyin da ka sha a bakin waya. Mun gode da fuskokin da ka adana mana, da ka zaɓi ka tuna da mutanenmu a lokacin da suka tsira, suna dariya. Ku kuma matasa masu zuwa da manyan kyamarori ranar biki, ku danna ku watse kafin jirgi ya sauka, ku koyi tsayuwa a wurin mutumin nan. Ku je ku gaishe shi tun yana iya gane muryarku.

Tsohon ya laluba ya ɗauki gorar gahawarsa, ya cusa ragowar banitsa a aljihu.

"Stamen, motar kudu mai tashi da maraice ba ta wuce ba ko?"

"Da saura. Me za ka yi da ita? Rabonka da haye duwatsu tun kana soja. Ko allon tasha ba ka iya karantawa."

"Ina da baki, zan tambaya. Ka kai mini keke gida."

"Chicho, ɓata za ka yi," in ji Ralitsa.

Ya rataya kyamara a wuya, ya miƙe sosai kamar ba shi ba, ya ɗaga murya har masu motocin rusau suka waiwayo.

"Ba zan ɗauke ki a nan ba, Rali. Can zan je in tsaya a bakin shingensu in jira ki. Ki haye dutsen nan, ki sauka, ki cire hula ki yi mini dariyar da ubanki bai yi ba. Kuma kar ki kuskura ki bar makaho a tsaye."